Tambayoyi da Amsoshi kan Tara Jaruman Roba na Shekarun 1980 da Aka Sake Ƙerawa

Harkar ta Amurka ce, can aka haife ta kuma can kasuwarta ta fi ci, amma intanet ta sa mai sha'awa a ko'ina yana iya tsoma hannu. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin sababbin shiga.

Wai mene ne ake tarawa?

'Yan tsanan roba ne na jarumai da mugaye, masu gaɓoɓin da ke motsi, riƙe da takobi ko gatari ko sandar tsafi. Kamfanonin kayan wasa na Amurka ne suka cika kantuna da su daga 1982 zuwa wajen 1988. Mafi shahara su ne Masters of the Universe na kamfanin Mattel, wato su He-Man da Skeletor, sai ThunderCats na LJN, da Advanced Dungeons & Dragons wanda shi ma LJN ta yi a 1983, da Sectaurs na Coleco, da SilverHawks na Kenner. Kusan kowane ɗaya yana da katun ɗinsa na talabijin, domin a zamanin shugaba Reagan an sassauta dokokin shirye-shiryen yara, kamfani ya samu damar shirya katun na rabin awa wanda a gaskiya tallar hajarsa ce. Katun ɗin He-Man da kamfanin Filmation ya yi ya fara a 1983, ya kai kashi 130.

Duk waɗannan sun mutu kafin 1990 ko jim kaɗan bayanta. Abin da ake magana a kai a nan shi ne dawowarsu: sababbin da ake ƙerawa yanzu da siffar na da, ko dai kamfanin asali ya yi da kansa, ko wani ƙaramin kamfani ya sayi izini ya yi.

Me ya sa kamfanoni suka koma tono kayan da suka mutu shekara talatin da suka wuce?

Saboda yaron da ya yi kuka a kanti a 1984 uwarsa ta hana shi Castle Grayskull, gidan nan na He-Man mai fuskar ƙoƙon kai, yanzu ya haura shekara arba'in da biyar, yana da albashi, kuma babu mai hana shi. Wannan shi ne kasuwar. Ƙirƙiro sabon jarumi yana cin kuɗin talla mai yawa kuma yana iya faɗuwa. Tsohon jarumi kuwa masu sayensa suna nan a ƙasa, sun san sunansa, sun san launin takalminsa, har suna faɗa da kamfani idan aka canza shi. Zaman gida na lokacin korona a 2020 ya ƙara wa abin wuta, mutane suka koma ɗakunansu da kwamfuta da kewar ƙuruciya.

Yana da kyau mai shiga ya riƙe wannan tun farko: shi ake farauta, ba ɗansa ba. Yawancin abin da zai ba shi mamaki a gaba, daga tsada zuwa ƙarancin kaya, daga nan ya samo asali.

Na ga He-Man iri-iri a kasuwa, wasu gajeru wasu dogaye. Mene ne bambancinsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi rikita mutane, don haka bari a bi ta a hankali.

Na asali ya fito a 1982, tsayinsa inci biyar da rabi, kusan santimita 14, gajere mai ƙirar ƙarfi, ƙafafu a tanƙware kamar zai yi kokawa. Ya yi tashe sosai, cinikinsa a Amurka ya kai kusan dala miliyan 400 a 1986, sannan ya rikito zuwa kusan miliyan 7 a 1987. Kantuna sun cika da kayan da ba a saye, kuma yaron da ke neman He-Man ko Skeletor kansu ba ya samu, sai tarkacen sababbin mugaye.

A 1989 Mattel ta gwada mai da shi jarumin sararin samaniya, sirara, abin bai karɓu ba. A 2002 aka sake yunƙuri da sabon katun da sabuwar sassaƙa daga wasu masu sassaƙa da ake kira Four Horsemen, waɗanda suka bar kamfanin McFarlane suka kafa nasu a jihar New Jersey. Masu tarawa suna kiran wannan jerin 200X. Sassaƙar ta yi kyau, amma kamfani ya yi ta cusa He-Man da Skeletor masu kaya daban-daban a kowane kwali, su Teela da Evil-Lyn kuma sai an sha wuya. Zuwa 2004 ya mutu.

Sai Masters of the Universe Classics, daga 2008 har wajen 2020. Wannan ne ya canza harkar baki ɗaya, domin ba a kai shi kanti ba. A shafin Mattel mai suna MattyCollector ake sayar da shi wata-wata, daga baya aka kawo tsarin biyan kuɗin shekara, wanda ya yi rajista a aiko masa duk abin da aka fitar ko yana so ko ba ya so. Four Horsemen ne suka sassaƙa, tsayinsa ya kusa inci bakwai, kuma an yi kusan kowa da kowa, har waɗanda suka leƙo katun sau ɗaya suka ɓace. Da Mattel ta rufe shafin a ƙarshen 2016, kamfanin Super7 ya ɗauka ya ƙarasa. Yanzu sai a hannun 'yan gwanjon intanet, kuma da tsada.

A 2020 Origins ya fito, ya koma tsayi da ƙirar 1982, da farko a kantunan Walmart kaɗai a kan kusan dala 15. A 2021 kuma Masterverse ya biyo baya, inci bakwai, gaɓoɓi kusan 30, tare da katun ɗin Revelation da Kevin Smith ya jagoranta a Netflix. Waɗannan biyun su ne mai farawa zai fi cin karo da su. Ba sa jituwa a kan kanta ɗaya: in ka tsayar da He-Man na Origins kusa da Skeletor na Masterverse, sai ka ga kamar uba ya zo ɗaukar ɗansa daga makaranta.

To Origins ɗin, me ya bambanta shi da na 1982 tunda kamarsu ɗaya?

Ka ɗauki na 1982 a hannu. Wuri shida yake motsi: wuya, kafaɗu biyu, ƙugu, da cinyoyi biyu. In ka murɗa ƙugunsa ka saki, wani sifirin da ke ciki zai dawo da shi da ƙarfi, hannu ya kai naushi. Kan na farko-farko taushi gare shi, in ka matsa da yatsa zai lotsa ya dawo. In ka ɗan ja ƙafa ɗaya ka leƙa tsakanin cinyoyin, za ka ga wata baƙar roba mai talewa ta haɗa ƙafafun biyu ta cikin wando. Wannan robar ita ce ajalin tsofaffin: bayan shekara arba'in ta saki ko ta tsinke, shi ya sa tsohon He-Man yake yawan faɗuwa ta baya ko ya yi zaman 'yan bori.

Na Origins wuri 16 yake motsi. Gwiwar hannu da ta ƙafa suna lanƙwashewa, wuyan hannu yana juyawa, babu robar cinya, kuma yawancinsu babu sifirin naushi. Abin da ya fi jan hankali shi ne ana ɓalle shi: kai, hannuwa, tafin hannu, ƙugu da takalma duk suna fita su koma, saboda haka kana iya ɗora kan wannan a jikin wancan. An kuma riƙe al'adar saka ɗan ƙaramin littafin zane a bayan kowane ɗaya cikin kwali, kamar yadda aka yi a da.

A ganina Origins ya fi kowane jeri kama ruhin abin, duk da cewa fuskar He-Man ta rukunin farko ba ta gamsar da mutane da yawa ba, har sai da kamfani ya fitar da wani mai kai irin na da. Daga baya kuma an faɗaɗa shi: akwai Cartoon Collection mai bin zanen Filmation, akwai Turtles of Grayskull na 2024 da aka gauraya da kunkurun ninja. Wannan na ƙarshe ko dai ya burge ka ko ka ga an fara wasa da hankalinka.

ThunderCats fa? Shi na fi tunawa.

Ba kai kaɗai ba. Da yawa daga waɗanda suka taso da talabijin a biranen Najeriya sun fi riƙe Lion-O, jarumin ThunderCats, da mugunsu Mumm-Ra, da kuma katun ɗin Voltron fiye da kowa. LJN ta fitar da kayan ThunderCats a 1985, da ɗan maɓalli a baya wanda in ka danna hannu ya ɗaga takobi, Lion-O kuma idanunsa suna kawo wuta in aka dangwala masa wani zobe mai batir.

Farfaɗowarsa ta sha tuntuɓe. Bandai ta yi a 2011 tare da sabon katun, ba a je ko'ina ba aka tsaya. Mattel ta fara nata a 2016 da salon Classics, ta fitar da 'yan ƙalilan, su Lion-O da Panthro da Mumm-Ra da Pumyra da Jackalman, ta ajiye kafin ma a kai ga Cheetara da Tygra. Super7, kamfanin da Brian Flynn ya kafa a San Francisco a 2001, shi ne ya ɗora daga nan da jerin da ya kira Ultimates, kuma shi ya cika gidan: jaruman duka, mugayen, motar Thundertank, har da katafaren gidansu Cats' Lair da aka yi karo-karonsa a 2023 a kan dala 650. Kowane ɗaya na Ultimates yana zuwa da kawuna biyu ko uku da tafukan hannu na canji, a 2023 kuɗinsa wajen dala 55 ne. Ƙorafin da aka fi yi a kansu shi ne jinkiri da rashin daidaiton fenti daga wannan rukuni zuwa wancan.

Akwai wasu ban da waɗannan biyun?

Akwai. Kamfanin NECA ya dawo da su Warduke da Strongheart na Dungeons & Dragons, da sassaƙa mai zurfi irin tasa. Hasbro ta yi yaran katun ɗin Dungeons & Dragons na 1983, su Hank da Diana da mugun nan Venger, a 2023. Super7 na yin SilverHawks da Conan. Kamfanin Nacelle ya ɗauki Sectaurs, mayaƙan nan masu siffar ƙwari.

Sai Mythic Legions na Four Horsemen, wanda suka fara da karo-karo a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2015. Shi ba farfaɗowar komai ba ne, sabuwar duniya ce ta mayaƙa masu sulke da ƙwarangwal da dodanni, amma jinin gidan ne, kuma da yawa daga masu tara Classics can suka koma. Wajen ingancin fenti da sulke, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba a wannan farashin.

Duk jaruman farare ne?

Kusan haka abin yake a 1982, kuma wata mata ta lura. Yla Eason, baƙar fata 'yar Amurka, ɗanta ƙarami ya ce mata shi ba zai iya zama jarumi ba tunda He-Man fari ne. Ta kafa kamfanin Olmec Toys a 1985 ta ƙera Sun-Man, baƙin jarumi mai sulken zinariya a ƙirji da fukafukai, tsayinsa daidai da na He-Man don yara su haɗa su wasa. Mattel kanta sai a 1987 ta fitar da Clamp Champ, baƙar fata ɗaya tilo a jerinta na asali. A 2021 Mattel ta yi yarjejeniya da Eason, aka shigar da Sun-Man da abokansa, su Digitino da Space Sumo da mugunsu Pig-Head, cikin Origins. Na asalin Olmec yana da wuyar samu, na Origins kuwa yana cikin masu sauƙin kuɗi, kuma in mutum yana neman inda zai fara da wani abu mai tarihi a bayansa, ga shi.

In buɗe kwalin ko in bar shi a rufe?

A shafukan saye da sayarwa za ka riƙa ganin haruffan MOC, ma'ana yana manne a kwalinsa ba a taɓa ɓarewa ba, da MIB ga wanda ke cikin akwatinsa. Akwai ma kamfani mai suna AFA da ake aika wa kaya ya duba, ya ba da maki, ya kulle a akwatin roba mai haske. Ga kayan 1982 wannan yana da ma'ana, domin yara ne suka saye su, suka yage kwalayen a mota tun kafin a isa gida, wanda ya tsira a rufe ya zama abin nema.

Ga kayan yau lissafin ya juya. Manya ne ke saye, kuma dubbai daga cikinsu suna sayen biyu, ɗaya na buɗewa ɗaya na ajiya. Abin da kowa ya adana ba ya ƙaranci. Ni dai ra'ayina a buɗe. An yi wa abin gaɓoɓi 16 ko 30 ne don a motsa su. Wanda zanen kwalin ke burge shi, kuma zanen Origins yana da kyau ƙwarai, yana iya bin gefen murfin da reza a hankali ya zare jarumin ya ajiye kwalin.

Ba jari ba ne? Na ji ana cewa kuɗinsu na ninkuwa.

Wasu sun ninka. Wasu daga cikin Classics da aka saya dala 20 ko 25 yanzu sun haura ɗari, musamman waɗanda aka yi kaɗan ko aka sayar a taron masu sha'awar littattafan zane na San Diego Comic-Con kaɗai. Cikin na da kuma akwai irin su Laser Power He-Man da Laser Light Skeletor na 1988, da ƙattin nan Tytus da Megator, waɗanda a Turai kawai aka sayar, ba su shiga kantunan Amurka ba. Waɗannan kuɗinsu sai mai hali.

Amma labarin wanda ya ci riba kaɗai ake bayarwa. Kamfani yana da mazubin ƙarfen da ya zuba na farko, kuma duk ranar da ya ga farashin wani ya hau a shafin gwanjo na eBay zai iya sake zubawa, ko ya fitar da wanda ya fi shi kyau. Fitowar Masterverse da Origins ta sa wasu suka daina neman Classics. Kaya da yawa da 'yan baranda suka kwashe daga kantuna suka ninka musu kuɗi, bayan wata shida an gan su a kwandon rangwame. Ka ƙara da kuɗin dako zuwa Afirka da kuma na mayar da shi ga mai saye a Amurka ko Turai, tunda can masu sayen suke, sai ka ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda ke neman inda zai ajiye kuɗi ya nemi wani wurin.

Mene ne wannan biya kafin a ƙera da nake gani?

Ƙananan kamfanoni irin Super7 da Four Horsemen ba sa ƙera kaya su jira mai saye. Suna buɗe oda na kusan wata guda, su ƙirga, su aika wa masana'anta a China adadin. Daga biya zuwa isowar kaya shekara guda ba abin mamaki ba ne, wani lokaci har ta wuce. Hoton da ka gani lokacin oda na samfurin da aka yi wa fenti da hannu ne, wanda zai iso maka kuwa daga layin masana'anta ya fito, ba lallai su zama ɗaya ba.

Manyan kaya kuma karo-karo ake yi musu. A 2022 Mattel ta sa gidan Eternia mai hasumiya uku a shafinta na Mattel Creations a kan dala 550, da sharaɗin sai mutum 5,000 sun shiga kafin a ƙera, kuma an wuce adadin. In ba a kai ba, ba a ƙerawa, kuma ba wanda ke asarar kuɗinsa. Haɗarin wannan tsari ga mai kuɗin naira ko sefa shi ne wasu shagunan sai kaya sun iso suke cirar kuɗi, kuma canjin dala na ranar oda ba shi ne na ranar cira ba. Harajin da Amurka ta ƙaƙaba wa kayan China a 2025 shi ma ya sa kamfanoni da dama ƙara farashi ko ɗage fitar da kaya.

Daga Kano ko Yamai ko Kumasi, ta ina mutum zai saya?

Shagunan da aka sani su ne BigBadToyStore da Entertainment Earth da Amazon, sai eBay ga wanda ya ƙare a kasuwa. Ba kowane mai sayarwa ke aikowa Afirka ta Yamma ba, don haka yawanci ana bi ta kamfanonin dako masu ba ka adireshi a Amurka ko Ingila su tattara maka kaya, ko ta hannun ɗan'uwa mai dawowa gida. Katin banki na gida ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, ka tabbatar da naka tukuna.

Abu biyu ke cinye kuɗi. Na farko, masu dakon jirgin sama suna auna girman kwali ba nauyi kaɗai ba, kuma kwalin 'yar tsana rabinsa iska ce. Castle Grayskull na Origins da aka sayar kusan dala 75 dakonsa na iya kamo kuɗinsa. Wanda ya yarda a ɓare masa kwalaye a can a zubo jaruman a leda zai rage kuɗi sosai. BigBadToyStore na da tsarin ajiye maka abin da ka saya har ya taru a aiko gaba ɗaya, yana taimakawa. Na biyu kuɗin kwastam, wanda ya kamata ka tambayi mai dakon ko yana cikin farashinsa kafin ka biya.

Kada kuma a raina dilar gwanjo. Kayan wasan yara na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka a buhuna wani lokaci ana tsintar tsohon abu a ciki, ba takobi ba garkuwa, amma na ainihi. Ka juya bayansa ka duba: na Mattel na da rubutun kamfani da shekara da ƙasar da aka yi shi, Taiwan ko Hong Kong ko Malesiya ko Meziko ko Faransa. Shekarar da ke jiki ta sassaƙa ce, ba ta ƙerawa ba, shi ya sa za ka ga 1981 a bayan He-Man. In ka ci karo da wanda kamfanin Leo ya yi a Indiya ko Top Toys a Ajantina, riƙe shi da kyau, masu tarawa suna nemansu.

Yaya zan gane jabu?

Araha ita ce alama ta farko. Wanda ake sayarwa dala 55 a ko'ina, in ka gan shi dala 15 sabo fil daga wani shago marar tarihi, ka san akwai magana. Jabu yakan zo da fenti mai ƙyalli fiye da kima, idanu a karkace, gaɓoɓi sakwaf-sakwaf, da warin roba mai hawa kai. Akwai kuma waɗanda masana'anta ta ƙi saboda aibi aka fitar ta bayan gida, su ba jabu ba ne amma ba su cika ba.

A kayan da kuwa, matsalar ba jikin ba ce, makaman ne. Ana buga sababbin takubba da garkuwa ana haɗawa da tsohon jarumi a ce cikakke ne. Mai gaskiya zai rubuta cewa kwafi ne. Ka nemi hoton makamin ta kusa, gaba da baya.

Zafinmu da ƙurarmu ba za su lalata su ba?

Za su iya, kuma wannan ne wurin da mai tarawa a Sakkwato ko Maiduguri ya fi na Amurka aiki. Jikin jaruman gaurayen roba biyu ne: mai tauri da ake kira ABS a ƙirji, da mai taushi PVC a hannuwa da kai da makamai. Ita mai taushin akwai wani sinadari a cikinta da ke sa ta laushi, zafi kuma yana fito da shi waje, sai ka taɓa ka ji danƙo. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin zai lanƙwasa takobi, ya sa idon sawu ya saki har jarumi ya kife. Rana kuma tana mai da fari rawaya, ta kashe shuɗi da ja. Murfin kwalin da aka bari a rufe shi ma yana yin rawaya, gam ɗinsa ya saki.

Saboda haka ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga, cikin durowar gilashi saboda ƙurar hunturu. Kada a bar su a mota ko a sito mai zafi. Ƙura a share ta da burushin kwalliya mai laushi. Danƙo kuma ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka ya isa, a shanya a inuwa. Fetur, kananzir da abin goge farce duk suna cin fenti da robar kanta. Moss Man, wanda jikinsa ke lulluɓe da koren gashi mai ƙamshin itacen pine, da Panthor mai gashin karammiski, kada ruwa ya taɓa su ana gogawa, gashin zai tafi ya bar sanƙo. In za a adana a akwati, kowane ɗaya da ledarsa, domin roba mai taushi in ta daɗe manne da wata tana narka mata fenti.

Sabo ne amma gwiwarsa ta ƙi motsi. In tilasta?

A'a, nan ake karya su. Fenti ne ya bushe a cikin mahaɗar. Ka tsoma wurin a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, na kusan minti ɗaya, ko ka hura masa na'urar busar da gashi daga ɗan nesa, sannan ka motsa a hankali ta inda aka yi ta ta motsa. Haka ake yi kafin canza kai ko tafin hannu. Takobin da ya lanƙwashe shi ma ruwan zafi, a miƙe shi da yatsa, a tsoma a ruwan sanyi ya riƙe.

Ta fuskar addini fa? Ai mutum-mutumi ne.

Tambaya ce ta gaske, kuma ba za a kewaye ta ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito labarin dokinta mai fukafukai. Da wannan ne mafi yawan malamai suka cire kayan wasan yara daga hanin surar abu mai rai. Sai dai rangwamen a kan wasan yara ya zo. Babban mutum ya jera surori masu jiki a durowar gilashi don ado wani abu ne daban, kuma malamai da yawa ba su halatta shi ba, suna kafa hujja da hadisan hana surori da na rashin shigar mala'iku gidan da suke. Wasu jaruman ma matsafa ne a labarinsu. Kada wani ya ce maka ai duk ɗaya ne da 'yar tsanar yarinya. Ka kai wa malamin da ka aminta da shi tambayar yadda take, kafin ka kashe kuɗi ba bayan ka cika kanta ba. Akwai masu sha'awar da suka tsaya a kan motoci da gine-gine da littattafan zanen kawai.

Yarana za su iya wasa da su?

Origins an yi shi da ƙwari, an rubuta shekara shida zuwa sama, yana jure faɗuwa, kuma in hannu ya fita mayarwa ake yi. Ultimates da Mythic Legions da na NECA na manya ne: ƙananan tafukan hannu da ƙaramin yaro zai iya haɗiyewa, ƙahoni da takubba masu tsini, da mahaɗai masu karyewa.

Da wanne zan fara?

Ka zaɓi jeri ɗaya da tsayi ɗaya, ka kuma yanke tun yanzu su wa kake so a ciki. Mattel ta gina wannan kasuwa tun 1982 a kan maimaita jiki ɗaya da sabon fenti: Battle Cat damisar wani tsohon jerinta ce mai suna Big Jim aka shafa wa kore, Stinkor kuma Mer-Man ne aka yi wa baƙi da fari aka zuba wa turare mai wari a cikin roba, Faker kuwa He-Man ne shuɗi. Har yau haka ake yi, kuma wanda ya ce sai ya mallaki kowane He-Man da aka fitar ba zai gama ba.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, takwas ɗin farko na 1982 a zubin Origins sun isa kanta guda: He-Man, Skeletor, Man-At-Arms, Beast Man, Teela, Mer-Man, Stratos da Zodac. In kuɗi ya ragu a ƙara Battle Cat, tunda an yi masa sirdin da He-Man ke zama a kai daram. Kafin ka biya kowanne, ka nemi bidiyon wanda ya buɗe nasa a YouTube ka ga fentin fuskar da idonka, kuma ka duba abin da aka riga aka sayar a eBay, ba farashin da masu sayarwa suke rubutawa ba.